Tarihin David Beatty: Hafsan Ruwan Da Ya Yi Suna A Umdurman, Ya Shugabanci Rundunar Da Ta Sha Zaman Jira A Teku

Duk ɗan kasuwar da motar kayansa ta taɓa yin kwana goma a tsaye a kan iyakar Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ana jiran takarda, ya san cewa zaman jira ya fi doguwar tafiya karya zuciyar direba da yaran mota. Guzuri ya ƙare, gida ya yi nisa, sai ka ga an fara cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba. To, haka abin yake ga sojojin ruwa, waɗanda kan yi watanni, wani lokaci ma shekaru, a cikin jirgi ba tare da sun ga iyalinsu ba.

A yau filin namu ya kawo maku tarihin wani Baturen Ingila mai suna David Beatty, wanda ya fara yin suna a kan Kogin Nilu, a yaƙin da ya kai ga cin birnin Umdurman a shekarar 1898, daga baya kuma ya shugabanci rundunar jiragen ruwan yaƙi mafi girma a duniya a zamaninsa. Tun da farko ya kamata a sani cewa wannan mutum yana cikin waɗanda suka rusa daular Mahadi ta ƙasar Sudan, aka zubar da jinin Musulmi masu ɗimbin yawa. Mun kawo tarihinsa ne saboda a cikinsa akwai abin lura ga duk mai riƙe da mutane a nesa da gidajensu.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi David Beatty ran 17 ga Janairu, 1871, a kusa da garin Nantwich da ke Ingila. Iyayensa 'yan asalin ƙasar Ailan ne, mahaifinsa kuwa tsohon hafsan sojan doki ne, don haka yaron ya tashi a kan sirdi, kuma son dawaki da farauta bai rabu da shi ba har tsufansa. A farkon shekarar 1884, yana ɗan shekara 13, aka sa shi a makarantar horar da hafsoshin ruwa, wadda a lokacin take cikin wani tsohon jirgi mai suna Britannia. Bai yi fice a karatu ba, an dai san shi da ƙiriniya da rashin tsoro.

Bayan ya gama sai aka tura shi rundunar Bahar Rum, inda ya yi ta zama daga wannan jirgi zuwa wancan, har ya samu muƙamin laftana a 1892. A wancan zamani sojojin ruwan Ingila sun daɗe ba su yi wani babban yaƙi ba, saboda haka hafsa kan yi shekaru masu yawa a muƙami ɗaya yana jiran na gaba da shi ya yi ritaya. Da a ce haka abin ya ci gaba, da wataƙila babu wanda zai san sunan Beatty a yau.

A kan Kogin Nilu

Muhammad Ahmad, wanda aka fi sani da Mahadi, ya ci birnin Khartum ran 26 ga Janairu, 1885, inda aka kashe Janar Gordon. Bayan wata biyar Allah ya yi masa rasuwa, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya kuma mai da Umdurman, wadda ke tsallaken kogi daga Khartum, ta zama hedkwatar daular. A watan Maris na 1896 Ingila ta ba Kitchener, shugaban sojojin Masar, umarnin ya doshi kudu. Tun da ƙasar hamada ce, babu hanyar kai dakaru da abinci da igwa sai kogi da layin dogon da ake shimfiɗawa a hankali. Aka ɗora wani hafsan ruwa mai suna Stanley Colville a kan ƙananan jiragen yaƙin da za su raka sojan ƙasa, shi kuma ya ɗauki Beatty a matsayin mataimakinsa.

Kogin Nilu yana da wurare shida tsakanin Aswan da Khartum inda ruwa ke bi ta kan duwatsu da gudu, waɗanda Larabawa ke kira shallal. Jirgi ba ya iya wuce mafi yawansu sai lokacin cikar kogi, shi ma sai an ɗaura masa igiyoyi ɗaruruwan mutane suna ja daga gaɓa. Haka aka yi ta fama a watan Agusta na 1896 kafin a haurar da jiragen shallal na biyu, ga kuma annobar kwalara da ta shiga sansani a wannan lokaci ta kashe mutane da dama.

Ran 19 ga Satumba aka gwabza a Hafir, inda Ansaru, wato mabiya Mahadi, suka kafa igwa a bakin kogi. Harsashi ya samu Colville a hannu, sai jagorancin jiragen ya koma hannun Beatty, wanda a lokacin shekararsa 25. Shi ne ya wuce da su ta gaban igwa har suka isa Dongola, wadda aka kama bayan kwana huɗu. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta farko.

A watan Agusta na 1897 kuma ya tsallake rijiya da baya. Ana jan jirginsa mai suna El Teb a shallal na huɗu, sai ruwa ya fi ƙarfin masu igiya, jirgin ya kife. Beatty da mafi yawan mutanensa suka faɗa ruwa, wani jirgi da ke ƙasa da wurin ya tsamo su. Da aka je duba jirgin inda ya maƙale a tsakanin duwatsu, har an juya za a tafi sai aka ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Aka kawo kayan aiki aka cire falle ɗaya na ƙarfen jikinsa, sai ga mai kula da inji da mai hura wuta sun fito da ransu. Bayan wannan ne aka ba Beatty wani sabon jirgi mai suna Fateh.

Yadda ake zama a jirgi

Fiye da shekara biyu aka yi ana wannan tafiya daga iyakar Masar zuwa Umdurman, amma kwanakin da aka yi ainihin faɗa ba su da yawa. Sauran lokacin duk jira ne: a jira kogi ya cika, a jira layin dogo ya iso, a jira ƙarin sojoji. Ma'aikatan jiragen gauraye suke, akwai Misirawa, da mutanen Sudan, da Turawa 'yan kaɗan masu kula da bindigogi da inji. Kullum sai an sauka neman itacen da za a hura tukunyar jirgi, ga zafin rana a kan ƙarfe, ga sintiri a gaban ganuwar Matamma inda ake harbinsu. Duk da haka sun fi sojan ƙasa jin daɗi, domin suna da ruwa, da inuwa, da wurin ajiye abinci.

Wani ƙaramin abu da ya faru ana gobe babban yaƙi ya nuna wannan bambanci. Wani matashin hafsan sojan doki yana yawo a bakin kogi, ƙura ta rufe shi, sai Beatty ya yi masa magana daga kan jirgi, ya kuma jefo masa kwalbar giya irin ta manyan Turawa. Kwalbar ta faɗa ruwa a kusa da gaɓa, matashin ya shiga ya ɗauko. Sunan wannan matashi Winston Churchill, kuma bai manta da wannan kyauta ba.

Yaƙin Karari

Ran 1 ga Satumba, 1898, jiragen suka fara luguden wuta a kan ganuwar Umdurman, manyan igwa kuma suka fasa ƙubbar kabarin Mahadi. Washegari da asuba aka haɗu a filin Karari, arewa da birnin. A wannan Karari ɗin ne Mahadi ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, domin mahaifinsa masassaƙin jiragen ruwa ne da ya zauna a can. Kitchener yana da sojoji kimanin 25,000, Halifa kuma yana da kusan 50,000, amma mafi yawansu takobi da mashi da tsofaffin bindigogi suke riƙe da su, ga kuma bindiga mai jigida a gabansu da igwar jirage daga gefen kogi. Kafin azahar an kashe Ansaru fiye da 10,000, alhali waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. An bar dubban masu rauni a fili, aka rushe kabarin Mahadi, aka zuba ƙasusuwansa a kogi, abin da har a majalisar Ingila sai da aka yi tir da shi. Halifa ya tsira a ranar, sai a watan Nuwamba na 1899 aka kashe shi.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana cikin waɗanda suka yi wa Mahadi mubaya'a. Shekara biyar bayan Karari irin wannan bindiga ta iso Kano da Sakkwato, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da sauran jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru, suka zauna a kusa da Sennar, a garin da ake kira Mai Wurno.

Shi kuwa Beatty wannan yaƙi ne ya buɗe masa ƙofa. A watan Nuwamba na 1898 aka yi masa ƙarin girma zuwa kwamanda yana ɗan shekara 27, aka tsallake hafsoshi kusan 400 da ke gaba da shi.

Daga ƙasar Sin zuwa Landan

A shekarar 1900 yana ƙasar Sin lokacin da mutanen ƙasar suka yi wa Turawa bore. An harbe shi a hannu a birnin Tientsin, aka kuma ba shi muƙamin kyaftin yana da shekara 29. A 1901 ya auri Ethel Tree, 'yar Marshall Field, wani hamshaƙin mai kantuna a birnin Chicago na Amurka. Auren ya kawo masa dukiya mai yawa, sun kuma haifi 'ya'ya maza biyu, sai dai zaman bai yi daɗi ba. Dukiyar ta sa yana iya ƙin aikin da bai yi masa ba, kamar yadda ya yi bayan ya shiga sahun masu muƙamin Admiral a farkon 1910, inda ya ƙi karɓar wurin da aka tura shi, ya zauna a gida kusan shekara biyu. Ana ganin aikinsa ya zo ƙarshe, sai ga Churchill ya zama ministan sojan ruwa. Ya ɗauke shi sakatare a 1912, sannan a 1913 ya ba shi jagorancin manyan jirage masu gudu, waɗanda ke shiga gaba su nemo abokan gaba.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Beatty ya samu nasara a kan Jamusawa a ƙananan karo guda biyu, a Agustan 1914 da Janairun 1915. Jama'ar Ingila suka san hotonsa, da hularsa a karkace da rigarsa mai maɓalli shida maimakon takwas da doka ta tanada. Amma a babban karon da aka yi a Jutland ran 31 ga Mayu, 1916, manyan jiragensa biyu, Indefatigable da Queen Mary, sun tarwatse cikin kusan rabin awa, kowanne da mutum fiye da 1,000. Ingila ta rasa mutum kimanin 6,000 a wannan yaƙi, Jamus kuma kimanin 2,500. Masana tarihi da dama sun ɗora wa Beatty wani kaso na laifin, saboda rashin aika saƙo yadda ya kamata ga shugabansa Admiral Jellicoe, da ƙarancin horon saiti a jiragensa, da kuma yadda ake jibge albarushi a kusa da igwa don a yi saurin harbi. Duk da haka, a ƙarshen Nuwamba na wannan shekara aka naɗa shi shugaban dukkan rundunar.

Zaman Scapa Flow

Bayan Jutland manyan jiragen Jamus ba su sake yarda an yi gaba da gaba ba. Aikin rundunar Beatty ya zama tsare ƙofar teku don kada kaya su shiga Jamus, wato dai zaman jira. Mazaunin rundunar shi ne Scapa Flow, wani makeken ruwa a tsakanin tsibiran da ke can arewacin Sikotlan, inda babu itatuwa, babu babban gari, ga iska da sanyi, kuma a tsakiyar hunturu hasken rana bai wuce na awa shida ba. A nan aka tara dubun dubatar samari, kowanne yana kwana a ragar da ake ratayewa a ɗaki ɗaya da inda yake cin abinci. Idan jirgi ya dawo daga sintiri, kowa da kowa sai ya fito lodin kwal. Ko a zaune ma ba a tsira ba, domin ran 9 ga Yuli, 1917, jirgin Vanguard ya yi bindiga da dare a inda yake tsaye, mutum fiye da 800 suka mutu.

Shugabannin rundunar sun gane cewa idan aka bar mutane haka, zuciya za ta mutu kafin a ga abokin gaba. Jellicoe ne ya fara shirye-shiryen, Beatty ya gada ya ci gaba da su. An share filayen ƙwallon ƙafa a tsibirin Flotta, hafsoshi kuma suka yi filin wasan golf. Ana shirya gasar dambe da tseren kwale-kwale tsakanin jirgi da jirgi, kowane jirgi yana kishin sunansa. Wasu ma'aikatan har lambu suka yi a bakin gaɓa. An kawo wani jirgin kaya mai suna Gourko aka yi dandalin wasa a cikinsa, ya riƙa rabawa kusa da jiragen yaƙi bi da bi, ma'aikata suna shirya wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe da kansu, ana kuma nuna majigi. Wani jirgin mai suna Borodino kuma aka mai da shi kanti, inda ake sayen kayan masarufi. Daga watan Fabrairu na 1917 aka ware jirgin ƙasa na musamman tsakanin Landan da garin Thurso, tafiyar kusan kwana guda, nisanta kuma ya kusa daidai da na Legas zuwa Kano a dogo, domin ɗaukar masu tafiya hutu da wasiƙun gida. Da jiragen Amurka suka shigo rundunar a watan Disamba na 1917, su ma aka sa su cikin wasannin.

Shi kansa Beatty mutum ne mai son a gan shi. Yakan hau jirage ya yi wa ma'aikata jawabi, yana ƙarfafa masu gwiwa cewa ranar haɗuwa da Jamusawa tana tafe. A watan Afrilu na 1918 ya mayar da mazaunin rundunar zuwa Rosyth, kusa da birnin Edinburgh. Dabarar yaƙi ce ta sa aka yi hakan, amma ƙananan sojoji sun amfana, tunda yanzu akwai gari a kusa.

Abin da ya samu Jamusawa

A can tsallaken teku su ma sojojin ruwan Jamus zaman jira suke yi a tashar Wilhelmshaven, sai dai nasu zaman ya sha bamban. Abinci ya yi ƙaranci a ƙasar saboda toshe hanyar teku, kuma hafsoshi suna cin mai kyau a ɗakinsu, ƙananan sojoji suna fama da ɗan abin da aka ba su. An kwashe ƙwararrun matasan hafsoshi an kai su jiragen ƙarƙashin ruwa, aka bar manyan jirage da waɗanda ba su san mutanensu ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A watan Agusta na 1917 ɗaruruwan ma'aikata suka fice daga jiragensu don nuna fushi, hukuma ta amsa da harbe mutum biyu, Max Reichpietsch da Albin Köbis, ran 5 ga Satumba. Aka yi shiru, amma wutar ba ta mutu ba.

A ƙarshen Oktoba na 1918 shugabanninsu suka ba da umarnin a fita a yi karon ƙarshe da Ingila. Masu hura wuta suka ƙi, boren ya bazu zuwa tashar Kiel, daga nan ya shiga biranen ƙasar. Ran 9 ga Nuwamba sarautar Sarkin Jamus ta faɗi, ran 11 aka tsagaita wuta. Ran 21 ga Nuwamba jiragen yaƙin Jamus kimanin 70 suka zo a jere suka miƙa wuya ga Beatty ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Rundunonin biyu sun yi zaman jira na tsawon lokaci ɗaya, a teku ɗaya, amma wadda aka kula da cikinta da hutunta ita ce ta kai ƙarshe a tsaye.

Batun albashi

Bayan yaƙi aka ba Beatty sarautar Earl, majalisa ta yi masa kyautar fam 100,000, kuma daga Nuwamba 1919 zuwa 1927 shi ne babban hafsan sojojin ruwan Ingila baki ɗaya. Sai dai ƙwallo da majigi ba su biya wa ƙaramin soja kuɗin haya ba. Koke-koken albashi sun yi yawa tun ana yaƙi, har sai da a 1919 aka ɗaga kuɗin ƙwararren matuƙi zuwa sule huɗu a rana, fiye da ninki biyu na da. A 1925, lokacin Beatty yana kan kujera, gwamnati ta rage wa sababbin shiga zuwa sule uku, tsofaffi suka ci gaba da karɓar huɗu. A 1931, bayan ya sauka, aka ce kowa ya koma uku, wato an zabge kashi ɗaya cikin huɗu na abincin iyalin mutum. Ran 15 ga Satumba ma'aikatan jiragen da ke Invergordon suka ƙi aiki. Labarin ya girgiza kasuwar kuɗi ta Landan, kuma cikin mako guda Ingila ta daina jingina darajar fam da zinariya. Rundunar da ta jure shekara huɗu na sanyi da kewar gida ba ta jure a taɓa mata sule ɗaya ba.

Rasuwarsa

Matarsa ta rasu a 1932. A watan Nuwamba na 1935 Jellicoe ya mutu, Beatty ya tashi daga jinya ya raka gawarsa duk da gargaɗin likitoci, haka kuma ya sake fita cikin sanyi a jana'izar Sarki George na Biyar a Janairun 1936. Ciwon ya tsananta, ya mutu a Landan a watan Maris na 1936 yana da shekara 65, aka binne shi a majami'ar Saint Paul.

A Khartum kuwa, ɗaya daga cikin jiragen da suka yi luguden wuta a Karari, mai suna Melik, ya daɗe bayan masu shi sun shuɗe. Tun daga shekarun 1920 wata ƙungiyar masu wasan kwale-kwale ta mai da shi mazauninta a bakin kogi, jama'a suna zuwa shan iska a gefensa, har wata ambaliya ta ture shi kan tudu a ƙarshen shekarun 1980. An kuma sake gina ƙubbar Mahadi a Umdurman a shekarun 1940. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya sake jefa biranen biyu cikin wahala, muna roƙon Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa.

Ga maigidan da ke da direba da yara a kan hanyar Agadas, ko Kwatano, ko Njamena, lissafin bai canja ba: kuɗin abinci ya isa a kan lokaci, a ba mutum damar leƙa iyalinsa, maigida ya riƙa kira yana jin halin da ake ciki, kuma kada a taɓa ladan da aka yi alkawari. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.